Ta ina jami'a za ta fara kai tarihi da adabi cikin gari?

Tambaya: Ni ƙaramar malama ce a sashen tarihi na wata jami'a a Arewa. Shugaban tsangayarmu ya ɗora min aikin tsara shirin da zai kai abin da muke koyarwa, wato tarihi da harshe da adabi da falsafa, ga jama'ar gari. Abin da muka saba shi ne laccar shekara-shekara a babban ɗakin taro, kuma mu da ɗalibanmu ne kawai muke cika shi. Wasu abokan aiki sun ce mutanen gari ba ruwansu da irin wannan ilimi, neman abinci ya sha musu kai. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, ta ina ake farawa?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya taya ki riƙo. Abokan aikinki ba su faɗi daidai ba, kuma ba sai an je da nisa ba kafin a gane haka. Duk azumi dubban mutane ne ke zama suna sauraron tafsiri, inda ake warware nassi kalma-kalma, a kawo saɓanin malamai, a shiga nahawu da tarihi, kuma ba wanda ya ba su kuɗin mota. Tela yana kan keke da rediyo a gefensa, in aka yi kuskure a jerin sarakunan garinsu shi ne zai fara kiran waya ya gyara. A majalisar bakin titi ana iya raba dare ana gardama a kan wanda ya fara zama a unguwa, ko abin da wani baiti na waƙar fada yake nufi. Duk wannan tarihi ne da adabi da nazarin harshe, kuma masu yin sa su ne aka ce neman abinci ya sha musu kai. Laccarmu ce ba ruwansu da ita, kuma suna da hujja.

Ki dubi yadda muke shirya ta. Ranar aiki ce, ƙarfe goma na safe, lokacin da kowa yake wajen nema. A cikin jami'a ce, sai an wuce masu gadi a ƙofa, a yi doguwar tafiya kafin a kai ɗakin taro. Da Turanci ake yi. Awa guda tana tafiya wajen gabatar da manyan baƙi da jawabin uban taro, mai lacca ya sunkuyar da kai ya karanta takarda, a karɓi tambaya biyu ko uku, a raba lemo, a watse sai baɗi. Ban ce a daina ba. Tana da amfaninta wajen girmama malami da tuna wa hukuma cewa tsangayar tana raye. Amma kada a rubuta ta a rahoto da sunan an kai ilimi ga jama'a.

Abin da ke aiki shi ne zama mai ɗorewa: mutane ƙalilan, a wurin da suka riga suka saba da shi, rana ɗaya a mako, da harshensu, da wani nassi ko wata shaida a gabansu da za su duba su yi gardama a kai. Duk inda wannan harka ta yi albarka, in kika bincika, haka aka yi ta.

Turawan Ingila sun bi ta hanyar lacca kafin mu, suka ga iyakarta. A 1873 Jami'ar Kembrij ta fara tura malamanta garuruwan masana'antu su yi laccoci, bisa ƙoƙarin wani malaminta James Stuart, Oksfod ta biyo baya. Ɗakuna sun cika, sai dai yawancin masu zuwa masu ɗan hali ne, leburorin da aka yi abin dominsu ba su cika samun shiga ba. Sai bayan kafa ƙungiyar ilimin ma'aikata a 1903 aka sake salo. A 1908 R. H. Tawney ya fara koyar da aji biyu, ɗaya a Rochdale garin masaƙu, ɗaya a Longton garin masu yin tangaran. Tsarin da ya kafu daga nan shi ne ɗalibai kamar 30, alkawarin shekara 3, zama 24 a shekara, awa 2 kowane zama, awar farko ta malami, ta biyu ta ɗalibai, kuma kowa yana rubutu ana duba masa. Babu jarrabawa, babu takardar shaida. Awa ta biyun nan ita ce ran abin, domin masaƙin da ake koya wa tarihin masana'antu ya fi malaminsa sanin cikin masaƙa. Masanin tarihi E. P. Thompson ya shekara da shekaru yana koyar da irin waɗannan ajujuwan dare a ƙarƙashin Jami'ar Leeds, kuma yana cikin wannan aiki ya rubuta babban littafinsa na 1963 kan ma'aikatan Ingila, wanda ya sauya yadda ake rubuta tarihin talakawa a ƙasashe da yawa. Ki riƙe wannan saboda ranar da wani zai ce miki fita gari ɓata lokacin bincike ne.

Tsarin ya iso nan tun kafin samun 'yancin kai. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 ta kafa sashen koyarwa a wajen jami'a a 1949, da Robert Gardiner ɗan Gana a matsayin shugabansa na farko, aka rarraba malaman sashen larduna su zauna a can. Ulli Beier yana wannan sashe ne ya zauna a garuruwan Yarabawa irin su Ede da Osogbo, kuma ta hannunsa mujallar Black Orpheus ta fito a 1957, aka kafa zauren marubuta da masu zane na Mbari a 1961. Lalage Bown, wadda ta yi wannan aiki a Gana da Ibadan, ta zo Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 tana farfesar ilimin manya. Raunin abin shi ne da Turanci ake yi, saboda haka akawuna da malaman makaranta ne suka fi cin moriyarsa. A hankali irin waɗannan sassa suka koma shirya wa mutane jarrabawa, daga baya suka koma karatun difloma na biya, wato hanyar kuɗin shiga. Ba laifi ba ne jami'a ta nemi kuɗi, amma wancan aikin na farko sai ya rasa mai shi.

Gwajin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi koyarwa, shi ne na masu wasan kwaikwayo a Zariya. An fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975 a ƙarƙashin Michael Etherton, wanda ya zo da gogewar irin wannan aiki daga Zambiya, har aka gina musu dandali da jar ƙasa irin ginin gargajiya a cikin harabar Samaru. Da farko malamai da ɗalibai kan je ƙauye su saurari matsaloli, su dawo jami'a su shirya wasa, su koma su nuna da Hausa. Haka aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, lokacin shirin gwamnatin soja na ciyar da ƙasa. Mutane sun taru, sun yi dariya, sun yi tafi. Amma masu shirin da kansu, irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa tambayar kansu abin da ya rage a ƙauyen bayan motar jami'a ta tashi. A ayyukan da suka biyo baya a Maska da Bomo sai aka riƙa matsar da abin hannun mutanen gari: su ne za su faɗi yadda labarin yake, su shiga wasan, a tsayar da shi a tsakiya a tambayi 'yan kallo me ya kamata wannan manomin ya yi yanzu, a gwada shawararsu a gani ko za ta kai. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan ta fi gaskiya, domin ɗalibin da ya kwana biyu a ƙauye yakan ɗora wa jahilci abin da asalinsa rashin taki ne ko ƙwacen gona. Darasi na biyu da ya fito daga Zariya ya fi ɗaci: ɗalibai suna zuwa ne don maki, in zango ya ƙare sai su tafi, ƙauyen kuwa yana nan da matsalarsa, wani lokaci ma da fushin dagacin da aka taɓa a wasa. Duk shirin da za ki tsara, ki fara tambayar wa zai rage a wurin in ke ba kya nan.

Amsar wannan tambaya tana cikin tarihinmu tun kafin a san jami'a. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara su zo Sakkwato su zauna a gabanta duka ba. Ta zaɓi dattijai mata daga garuruwa, aka naɗa musu malfa aka kira su jaji, kowace ta riƙa jagorantar ayarin 'yan taru, wato mata masu neman karatu, zuwa wajenta, su ɗauki karatu a waƙe da Hausa ko Fulatanci, su koma su koyar a gida. Ta sa ilimin a sigar da za a iya haddacewa, ta kuma damƙa shi ga wadda garin ya riga ya yarda da ita, shi ya sa abin ya rayu bayan ranta. In kika je unguwa, ki nemi jajinki tun kafin zama na farko: tsohon hedimasta, malamar Islamiyyar matan aure, sakataren ƙungiyar masu sana'a, mai kula da ɗakin karatu. Shi zai tara mutane, shi zai gaya miki gaskiya in kin gundure su.

To, in gari ya riga ya cika da masu tarihi da masu sharhin waƙa, me jami'a za ta ƙara? Ba yawan labari ba ne, don wani dattijo a bakin kasuwa ya fi ki labari. Abin da kike da shi shi ne hanyar auna labari: wa ya faɗa, yaushe, ga wa, me yake nema, kuma akwai wata shaidar da ta saɓa masa? Wannan shi ne kayan da za ki kai, kuma ba a koyar da shi da jawabi. Bari in ba ki misalin zama ɗaya, ki yi kwatankwacinsa da tarihin garinku.

Ki ɗauki zuwan Wangarawa Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci ba tare da sunan marubuci ba, wanda kuma ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, ya ce Wangarawa sun zo daga Mali da shugabansu Abdurrahman Zaite a zamanin Sarki Yaji, suka kawo salla, suka taimake shi da addu'a ya ci garin Santolo da yaƙi. Bisa lissafin shekarun da Bature H. R. Palmer ya yi a fassararsa ta Turanci ta 1908, Yaji ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Fassarar Hausa tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu tun farkon shekarun 1930, saboda haka ba ki da wahalar fassara. Sai kuma wani ɗan littafi na Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, Muhammad al-Hajj ya buga shi da fassara a mujallar Kano Studies a 1968. Shi kuma ya ce wannan Abdurrahman ɗin a zamanin Muhammadu Rumfa ya iso, lokaci ɗaya da Shehu Magili. Rumfa kuwa daga 1463 zuwa 1499 ya yi mulki. Tsakanin ruwayoyin biyu akwai kusan shekara ɗari. Ki buga shafi ɗaya daga kowane, ki raba, a karanta da ƙarfi saboda wanda ba ya karatun boko, sannan ki ce: jama'a, wanne za mu ɗauka, kuma don me? Daga nan ki yi shiru.

Wani zai ce wanda ya fi tsufa shi ne gaskiya. Wani zai ce a'a, na biyun jikokin gidan ne suka rubuta, suna iya haɗa kakansu da babban malami don ɗaukaka shi. Wani zai ce wataƙila ayari biyu ne aka haɗe su a suna ɗaya. In a Kano ne, za a samu ɗan Madabo ko ɗan Sharifai da zai ce a gidansu ga yadda ake faɗa, ruwaya ta uku ke nan, wadda ba ta cikin littafinki. Wanda ya yi karatun zaure kuwa zai kawo miki maganar isnadi da ingancin mai ruwaya, ki ga ashe ma'aunin yana hannunsa tun da daɗewa, bai dai taɓa ɗora tarihin garinsa a kai ba. Aikinki a nan kaɗan ne: ki hana a yanke hukunci da ƙarfin murya, ki riƙa mayar da su kan takarda, ki gaya musu a ƙarshe inda masana suka karkata da dalilinsu, da inda har yau ba a daidaita ba. Mutumin da ya yi irin wannan zama sau goma ba zai ƙara tura kowane hoto da aka ce na wani sarkin da ne a WhatsApp ba tare da ya tambayi daga ina ya fito ba. A ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin shirin.

Haka ake yi da adabi: baiti biyar a allo sun fi tarihin rayuwar mawaƙi gaba ɗaya. Haka da falsafa: ki fara da tambayar da ake yi a gari, kamar ko halal ne mai unguwa ya ɓoye gaskiya don a zauna lafiya, sannan ki kawo abin da malamanmu da na wasu ƙasashe suka ce, da sunansu, ba tare da tsoron cewa abin ya fi ƙarfin masu sauraro ba.

Maganar harshe ba ta da tsawo. Da Hausa za a yi, ko da harshen da wurin ya fi ji. Wahalar tana gare mu malamai, ba ga jama'a ba. Da yawanmu mun iya zancen duniya da Hausa, amma da zarar an shiga fanninmu sai Turanci ya kwace bakin. Ki zauna ki shirya darasin da Hausa tun daga tushe, kada ki rubuta da Turanci ki riƙa juyawa a tsaye. Ƙamusun Hausa da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 zai taimaka, abokan aikinki na sashen Hausa za su fi taimakawa. In kika kasa bayyana wata kalmar fanni ga mai sayar da hatsi, sau da yawa alama ce kalmar ta daɗe tana rufe wani gurbi a fahimtarki.

Akwai wuraren da ake takawa a hankali. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya rubuta tun 1970 cewa labarin Bayajidda ba zai iya zama bayanin yadda ƙasashen Hausa suka kafu ba, kuma ɗaliban tarihi sun saba da wannan tun ajin farko. Amma wanda ya tsaya a gaban dattawa ya ce labarin kakanninku tatsuniya ce, ya rufe wa kansa ƙofa, ya rufe wa na bayansa. Ki tambayi abin da labarin yake yi: wa ya sa a gaba, wa ya bar a baya, me ya sa ake da Hausa bakwai da banza bakwai, yaushe aka fara rubuta shi. Za su kai inda Smith ya kai da ƙafarsu, ko su tsaya wani wuri daban da hujjarsu. Jihadi, rikicin sarauta, iyakar gonaki, da wanda kakansa bawa ne, duk ana iya tattauna su, amma ba a zaman farko ba, kuma ba da sunan gidan da jikokinsa ke zaune a wurin ba. Ki kuma sani cewa in abin ya yi ƙarfi masu iko suna lura. A Kenya, lokacin da Ngugi wa Thiong'o na Jami'ar Nairobi ya shirya wasa da harshen Kikuyu tare da manoma da leburorin Kamiriithu a 1977, an hana wasan, an tsare shi shekara guda ba shari'a, a 1982 aka rushe dandalin da mutanen suka gina da hannunsu. Ya yi shekaru yana rubuta irin waɗannan ra'ayoyi da Turanci ba a kulle shi ba. Ba tsorata ki nake yi ba, amma ki gaida mai unguwa da hakimi kafin ki fara, ki samu takarda daga jami'a, kuma kada ki bari wani ɗan takara ya ɗauki nauyin zaman.

Sai kuɗi. Ƙungiyoyin agaji sun saba wa mutane da cewa duk taron da aka zo da mota mai tambari akwai ambulan a ƙarshensa. Kada ki shiga wannan. Ranar da kika biya kuɗin zama, kin tara masu jiran sa hannu, ranar da kuɗin ya ƙare kuma kin rasa su. Amma akwai bambanci tsakanin biyan mutum don ya zauna da cire masa abin da ke hana shi zuwa. Earl Shorris ya fara wani aji a New York a 1995, wanda aka fi sani da kwas ɗin Clemente, domin matalauta da baƙin haure da waɗanda suka fito daga kurkuku. Darussan falsafa ne da adabi da tarihi da tarihin zane da mantiƙi, dare biyu a mako, kyauta, da malamai na manyan jami'o'i, ana karanta rubutun Aflatun, malamin falsafar Girka, da sauran manyan littattafai ba a rage komai ba. An ba su littattafai da kuɗin mota, an kula musu da yara lokacin aji, Kwalejin Bard kuma ta amince ta ba da makin jami'a ga waɗanda suka kammala. Abin koyi a nan biyu ne: an cire cikas na zahiri, kuma ba a raina wa talaka hankali an ba shi ragowar ilimi ba. A wajenmu cikas ɗin shi ne nisa da lokaci da izinin maigida. Ki kai zaman inda ƙafa za ta kai, tsakanin La'asar da Magariba ko bayan Isha'i, ki kauce wa ranar kasuwa da tsakiyar damina da azumi, ki yi wa mata zamansu daban da malama mace, a bar su su zo da goyo. Abin da za ki kashe bai wuce na buga takardu da tabarma da ruwan sha da man motarki ba.

In kina neman waɗanda za ki fara da su, ki fara da malaman firamare da sakandare. An cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga matakin farko na makarantun Nijeriya fiye da shekara goma kafin a dawo da shi, kuma da yawa daga waɗanda aka miƙa wa darasin yanzu ba su karance shi ba. Suna buƙata, suna da aji a hannu, kuma abin da suka ɗauka ranar Asabar zai isa wajen yara ranar Litinin.

Rediyo da waya fa? Ki yi amfani da su, amma ki san matsayinsu. Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello suna da gidajen rediyonsu, tashoshin gari kuma kullum suna neman mai magana da ya san abin da yake faɗa. Minti goma na murya da aka yanko daga zaman mako, da izinin waɗanda suka yi magana, yakan zaga wayoyi fiye da duk wata maƙala da za ki buga. Sai dai mai sauraron rediyo ba ya riƙe da takardar a hannunsa, kuma ba ki da damar ce masa ina hujjarka. Rediyo yana kiran mutane zuwa zaman ne, yana kuma isar da ɗanɗanonsa ga wanda ya yi nisa. Haka Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta: rana ce mai kyau ta sanar da shiri ko ta rufe zango, ba ita ce shirin ba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Jami'a tana da bashi a gari. Shekara da shekaru ɗalibai da malamai suna shiga gidaje suna ɗaukar muryar tsofaffi, suna ɗaukar hoton littattafan kakanni, su rubuta kundi su samu digiri, gidan bai ƙara jin ɗuriyarsu ba. Akwai gidajen malamai da suka daina nuna takardunsu saboda an taɓa ara ba a dawo da su ba. Kafin ki tsara sabon darasi, ki shiga ɗakin ajiyar sashenku ki duba kundayen da aka rubuta a kan garin da za ki je. Ki taƙaita ɗaya da Hausa a shafi huɗu, ki kwafi muryar dattijon da ya rasu ki kai wa jikokinsa, ki karanta musu abin da aka rubuta a kansu ki ce su gyara. Za su gyara kuwa, wani gyaran ma zai kunyata kundin. Babu abin da ke buɗe ƙofa kamar wannan.

Wuri ba zai gagare ki ba. Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna a Kaduna, da gidan Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja da ke hannun Jami'ar Bayero, duk na jami'a ne amma a cikin gari suke. Inda babu irinsu akwai ajin firamare da yamma, da ɗakin karatu na jiha, da zauren mai unguwa.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri yana cikin jami'ar kanta. Fannin noma ya daɗe da warware matsalar: akwai malamin gona, aikinsa ke nan, da albashinsa, kuma a Samaru akwai cibiya sukutum ta faɗakar da manoma. Fannoninmu ba su da kwatankwacin wannan, abin ya dogara ga mutum ɗaya mai himma, in ya gaji ko ya tafi ƙaro karatu shi ke nan. Kwamitin ƙarin girma kuma maƙalun mujallu yake ƙirgawa, hidimar al'umma maki kaɗan ake ba ta, ba a ma bambanta wanda ya shekara yana koyarwa a unguwa da wanda ya zauna a kwamitin walima. Ke ƙaramar malama ce, kada ki bari a ɗora miki wannan a baki kawai. Ki nemi takardar naɗi a rubuce. Ki nemi a rage miki kwas ɗaya a zangon da kike fita. Ki nemi abokin aiki na biyu, zai fi kyau daga sashen Hausa ko Larabci, wanda zai riƙe zaman in kina hutun haihuwa ko an shiga yajin aiki. Ki riƙa rubuta abin da ya gudana bayan kowane zama, domin ruwayoyin da za su fito da gyare-gyaren da za a yi wa kundaye kayan maƙala ne, in masu su sun yarda, da sunansu a ciki.

A takardar da za ki kai wa shugaban tsangaya kada ki yi alkawarin ɗaruruwan mutane. Ki rubuta unguwa ɗaya, mutum 20 zuwa 30, zama 12 a jere, da ɗan littafi na Hausa da za a fitar a ƙarshe a raba wa mahalarta. Ki ce ma'aunin da za a duba shi ne mutum nawa ne suka dawo a zama na goma, da nawa ne a cikinsu suka zo da wata takarda ko wata ruwaya daga gida ba a roƙe su ba.